Littafin Ƙidaya: yaya tafiyar kwana 11 ta ci shekara 40?

Malamin Lahadi:
Salama gare ku 'yan'uwa. Mun gama Littafin Firistoci, yanzu sai Littafin Ƙidaya, wanda masu tsohon bugu suka sani da Littafin Lissafi. A nan ne karatun shekara yake mutuwa a hannun mutane da yawa, don da an buɗe sai jerin sunaye da alƙaluma. Shi ya sa na ce bari in share fage kafin mu shiga.

Shi ne na huɗu cikin littattafan Musa guda biyar, sura 36 gare shi. Ya fara a jejin Sina'i ranar farko ga wata na biyu a shekara ta biyu bayan fitowa daga Masar, ya ƙare a filayen Mowab, bakin Urdun daura da Yariko, a shekara ta 40. Yawancin masu sharhi suna raba shi bisa zango uku: Sina'i, Kadesh, Mowab. Ni dai na fi ganin ginshiƙinsa a ƙidaya biyun da ke ciki. A sura 1 an ƙirga maza 'yan shekara 20 zuwa sama waɗanda suka isa fita yaƙi, aka samu 603,550. A sura 26 aka sake, aka samu 601,730. Bambancin 1,820 ne kawai, sai ka ɗauka ba abin da ya faru. Amma ƙarshen sura 26 ya ce a cikin na biyun babu mutum ko ɗaya daga na farkon sai Kalibu da Joshuwa. An binne tsara guda cur tsakanin jerin nan biyu.

Ga kuma abin da nake so mu tauna. Maimaitawar Shari'a 1:2 ta ce daga Horeb, wato Sina'i, zuwa Kadesh-barneya, bakin ƙasar alkawari, tafiyar kwana 11 ce. To me ya cinye sauran?

Autan Zaure:
Malam ni dai tun ina yaro na ɗauka ɓacewa suka yi a daji, ba su san hanya ba.

Malamin Lahadi:
Auta, mutanen da girgije ke musu jagora da rana, wuta da dare, ina suka ga ɓata? Sun iso har bakin ƙofa, wato Kadesh. Sura 13 da 14 su ne cibiyar littafin. Aka aiki mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, suka yi kwana 40 suna leƙen ƙasar, suka dawo da nonon inabi daga kwarin Eshkol wanda sai da mutum biyu suka rataya shi a sanda. Dukansu sun yarda ƙasar tana da albarka. Goma suka ce mutanenta ƙatti ne, mu kamar fara muke a gabansu; Kalibu da Joshuwa ne kaɗai suka ce a shiga. Jama'a suka kwana kuka, har suka fara shawarar naɗa wani shugaba ya mai da su Masar. Hukuncin ya zo a 14:34, shekara guda a madadin kowane kwana na leƙen asirin. Washegari kuma suka ce sun tuba, za su hau su yi yaƙin, Musa ya hana suka ƙi ji, aka fatattake su har Horma. Ihu bayan hari.

Maman Tagwaye:
Sannu da aiki Malam. Ina da tambaya. Mutum goma suka kawo mugun labari, amma dubun dubata suka mutu a jeji. Mata fa, waɗanda ba a ma ƙirga su ba? Su ma hukuncin ya hau kansu?

Baba Fasto Mai Ritaya:
'Yata, duba 14:29 da kyau. Waɗanda aka ambata su ne waɗanda aka ƙidaya, 'yan shekara 20 zuwa sama, da suka yi gunaguni. Mata ba sa cikin ƙidayar, Lawiyawa, kabilar da ke hidimar alfarwar sujada, su ma daban aka ƙirga su. Ele'azara ɗan Haruna ya riga ya zama firist tun a Sina'i, ga shi kuma ya shiga Kan'ana har shi ne ya raba ƙasa tare da Joshuwa. Saboda haka akwai malaman da suke ganin hukuncin na mayaƙa ne, waɗanda aikinsu ne su shiga suka ƙi. Su goman kuwa ba su jira shekara 40 ba, annoba ta kashe su nan take. Kuma ba laifin rana ɗaya ba ne. A 14:22 Ubangiji ya ce sau goma ke nan suna gwada shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne sun ce 'ya'yansu za su zama ganima. Allah ya ce to 'ya'yan nan da kuke wa tsoro su za su shiga.

Maman Tagwaye:
Na ji Baba. Amma yaran ma ai sun sha. Wanda yake da shekara 15 a Kadesh sai da ya haura 50 kafin ya ga Urdun. Ƙuruciyarsa duk ta tafi a kiwo da jana'iza.

Baba Fasto Mai Ritaya:
Haka ne, kuma nassin bai ɓoye ba, 14:33 ya faɗi hakan ƙarara.

Ɗan Seminari:
Akwai abin da mutane ba sa lura da shi. Muna cewa littafin yawon shekara 40 ne, amma yawon kansa kusan ba a ba da labarinsa ba. Sura 1 zuwa farkon 10 kwana 20 ne kacal a Sina'i, don sun tashi ranar 20 ga wata na biyun. Sura 20 zuwa ƙarshe shekara ta 40 ce. Shekara 38 ɗin da ke tsakiya sura biyar suka samu, 15 zuwa 19, kuma rabinsu dokoki ne. Abin da aka ba mu labari kaɗan ne: mutumin da aka kama yana itace ran Asabar, tawayen Kora da Datan da Abiram da shugabanni 250, sandar Haruna da ta toho. Shi ke nan. Marubucin bai ga abin rubutawa a rayuwar mutanen da ke jiran mutuwa ba.

Amma Malam, tunda ka fara da alƙaluma, bari in taɓo inda gizo ke saƙa. In mayaƙa sun kai 603,550, jama'ar duka da mata da yara da tsofaffi za ta haura miliyan biyu. Sai kuma 3:43 ya ce 'ya'yan fari maza 22,273 ne. Raba ka gani: ɗan fari ɗaya cikin maza 27, ba a ma sa ƙananan yara ba. Wace uwa ce ke haihuwar maza 27? Shi ya sa wasu masana suke ganin abin da muke karantawa dubu yana iya nufin rukunin dangi ko ƙungiyar mayaƙa, wasu kuma suna ganin salon ƙasaita ne irin na rubutun sarakunan zamanin.

Dattijon Majami'a:
Ɗana, mun tura ku makaranta ku ƙaro bangaskiya ne ko ku dawo kuna mana kwaskwarima a Maganar Allah? Wanda ya raba teku ciyar da miliyan biyu ne zai gagare shi? Musa ma ya yi irin lissafinka a 11:21, ya ce mutum dubu ɗari shida ina za a samo musu nama, aka ba shi amsa da tambaya: hannun Ubangiji ya gajarta ne? Kuma je ka duba Fitowa 38. Rabin shekel kowane mutum ya bayar, azurfar da aka tara ta yi daidai da mutum 603,550. In dubu ba dubu ba ce, yaya za ka yi da wannan?

Ɗan Seminari:
Baba, wannan hujjar taku mai ƙarfi ce, kuma ita ce babbar matsalar masu wancan ra'ayi. Amma ni ban ce Allah ya kasa ba. Cewa na yi alƙaluman littafin suna da wuyar haɗuwa da junansu. Su 'ya'yan farin, wasu sun ce waɗanda aka haifa bayan fitowa Masar ne kawai aka ƙirga. To wannan ma sai ya yi yawa ga shekara guda.

Malam Na Zariya:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokina ne ya sa ni a zauren nan, na daɗe ina karatu ba na magana. Ku ba ni dama in sa baki. Wannan gardamar ba Turawa suka fara ta ba. Ibn Khaldun, a gabatarwar Muƙaddima da ya rubuta a 1377, da wannan adadi na dubu ɗari shida ya buga misalin yadda masu tarihi ke kwafe lamba ba tare da aunawa ba. Ya ce kakanni huɗu ne tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙub, kuma daular Farisa da duk girmanta ba ta tara irin wannan runduna ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ake fama da ruwa da abinci a Mina don alhazai kusan miliyan biyu na 'yan kwanaki, da motoci da famfo, zai gane abin da ya dame shi.

Shi labarin kuwa muna da shi. Suratul Ma'ida aya 20 zuwa 26: an ce su shiga ƙasa mai tsarki, suka ce akwai ƙarfafan mutane a ciki, maza biyu masu tsoron Allah suka ƙarfafa su, suka ce wa Annabi Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Aka haramta musu ita shekara 40 suna ɗimuwa. Alƙur'ani bai faɗi sunan mutum biyun ba, masu tafsiri ne suka ce Yusha'u da Kalib. Bai kuma faɗi adadin jama'ar ba.

Malamin Lahadi:
Wa alaikassalam Malam, marhabin. Ƙaruna naku ma ai shi ne Kora namu ko?

Malam Na Zariya:
Haka malamai da yawa suka tafi. Suratul Ƙasas ta ce daga mutanen Annabi Musa yake, ƙasa kuma ta haɗiye shi da gidansa. Sai dai a wurinmu dukiya ce ta ruɗe shi. Na ga a naku rigimar ta firistanci ce, wa ya isa ya ƙona turare.

Autan Zaure:
Ni abin da ya ba ni dariya sura 11. Mutanen da aka fitar daga bauta suna zaune suna kewar kifi da kankana da albasa da tafarnuwa, har suna cewa kyauta suke ci a Masar. Kyauta? Tubalin da kuke bugawa fa?

Maman Tagwaye:
Auta kar ka yi dariya, ka ci abu ɗaya safe da yamma na shekara guda tukuna. Ni zan koma kan sura 12 ne. Maryamu da Haruna su biyu suka yi maganar Musa saboda matarsa Bakushiya. Su biyu aka kira, su biyu aka tsawata wa. Girgije na tashi, Maryamu kaɗai ta kuturce. Haruna lafiyarsa ƙalau. Shi ne kuma ya ƙera ɗan maraƙin zinariya a Fitowa ya fita sumul. A yi mini bayani.

Dattijon Majami'a:
Sunanta aka fara ambata, alamar ita ta jawo zancen. Kuma babban firist in ya kuturce ba mai shiga wuri mai tsarki domin jama'a.

Maman Tagwaye:
Wato muƙami ya cece shi ke nan Baba.

Baba Fasto Mai Ritaya:
Na ɗan lokaci, 'yata. Sura 20 ta kwashe su duka uku. Maryamu ta rasu a Kadesh a ayar farko, Haruna ya rasu a Dutsen Hor yana da shekara 123 bayan an tuɓe masa rigunan firist an sa wa ɗansa a gabansa, Musa kuma a surar aka gaya masa ba zai shiga ba. Ki kuma lura jama'a ba su ɗaga ba sai da Maryamu ta cika kwana bakwai ta dawo zango. Ita matar da ake wa gori, Kush ƙasa ce kudu da Masar, wajen Sudan ta yau, ko da yake wasu na cewa Ziffora, matar Musa da aka riga aka sani, ce dai ake nufi.

Autan Zaure:
Baba maganar Musa ce ni ban gane ba. Shekara 40 yana ɗauke da mutanen nan, sau nawa yana faɗuwa rubda ciki yana roƙo kar a hallaka su. Don ya bugi dutse shi ke nan?

Baba Fasto Mai Ritaya:
A Fitowa 17 an ce ya buga, ya buga. A Ƙidaya 20 an ce ya yi wa dutsen magana a idon jama'a. Sai ya tara su ya kira su 'yan tawaye, ya ce mu ne za mu fito muku da ruwa daga dutsen nan, ya ɗaga sanda ya buga sau biyu. Ruwa ya fito kuwa, jama'a da dabbobi suka sha. Abin da aka tuhume shi da shi a aya 12 shi ne bai gaskata ba, bai nuna tsarkin Allah a gabansu ba. Kalmar da aka yi wa jama'a hukunci da ita a Kadesh ita aka yi masa. Zabura 106 ta ɗan sassauta masa, ta ce su suka ɓata masa rai har ya yi maganar garaje. Ga shi bai daɗe da binne yayarsa ba. Duk da haka hukuncin bai tashi ba. A Maimaitawar Shari'a 3 ya sake roƙo, aka ce ya isa, kada ya ƙara tayar da maganar. Ni kaina ayar tana mini nauyi, ba zan ce muku ba ta yi ba.

Ɗan Seminari:
Wanda ke son abin da aka tono daga ƙasa: a 1979 an samu wasu ƙananan layu biyu na azurfa a kabarin Ketef Hinnom a Urushalima, na wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, ɗauke da albarkar nan ta 6:24-26 da ake rufe sujada da ita. Sun girmi littattafan Tekun Gishiri, tsofaffin kwafen nassi da aka samu a kogunan dutse kusa da tekun, da ɗaruruwan shekaru. A 1967 kuma a Deir Alla ta ƙasar Jodan an samu rubutu a jikin bango mai ambaton Bal'amu ɗan Beyor, mai ganin wahayin nan na sura 22 zuwa 24. Wato maƙwabta ma sun san sunansa. A ɗaya gefen, a Ain el-Ƙudeirat, inda aka fi zaton nan ce Kadesh, ganuwar da aka tono ta zamanin sarakuna ce, ba ta zamanin Musa ba.

Dattijon Majami'a:
Mai zama a alfarwa ganuwa yake bari? Kai dai kullum sai ka kawo mai daɗi ka bi shi da mai ɗaci. Kuma kafin ka ce ba Musa ya rubuta ba, 33:2 ta ce shi ya rubuta zangonsu ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Seminari:
Ta faɗa Baba. 21:14 kuma ta ɗauko magana daga wani Littafin Yaƙe-yaƙen Ubangiji, 12:3 ta ce Musa ya fi kowa tawali'u a duniya, abin da ya fi kama da shaidar wani a kansa. Bayani daga Musa, tsarawa daga na baya, ni ban ga inda suka yi karo ba.

'Yar Maraɗi:
Ina gaida iyaye. Malam, ka shirya mana yadda za mu yi da sura 25 da 31, don yarana na aji za su tambaya. Finehas jikan Haruna ya soke mutum biyu da mashi aka yabe shi, sannan yaƙin Madayana inda aka ce a kashe har yara maza. A yankinmu da ake zubar da jini da sunan addini, ba zan iya wucewa kamar ban gani ba.

Baba Fasto Mai Ritaya:
Kada ki wuce, kada kuma ki yi masa ado. Ki gaya musu labari ne na wata al'umma a wani zamani, ba umarni ba ne ga ikilisiya. Bulus ya ɗauko labaran littafin nan a 1 Korintiyawa 10, abin da ya ciro shi ne gargaɗi ga masu bi game da zuciyarsu, bai ce kowa ya ɗauki mashi ba. Yesu kansa macijin tagulla na sura 21 ya ɗauka ya yi wa Nikodimu bayanin gicciye. Ki kuma nuna musu sura 35 kusa da ita: birane shida na mafaka don kada mai ramuwa ya kashe wanda ya yi kisan kuskure, kuma ba a yanke hukuncin kisa da bakin shaida ɗaya.

Malamin Lahadi:
Ƙari a kan sura 25: mutumin da Finehas ya kashe, Zimri, shugaba ne a kabilar Saminu. Kabilar ta tashi daga 59,300 a ƙidayar farko ta koma 22,200 a ta biyu, ba wadda ta yi asara kamarta. Manassa kuwa ta tashi daga 32,200 zuwa 52,700. Ga amfanin alƙaluman da muke tsallakewa.

Maman Tagwaye:
Madalla da ka ambaci Manassa, don nan nake jira. Ƙidaya ta biyu ba ta yaƙi kaɗai ba ce, ta rabon gona ce, kabila mai yawa ta samu babban kaso. Ana gamawa, a sura 27, sai ga 'yan mata biyar na Zelofehad, mutumin kabilar Manassa, Mala da Nowa da Hogla da Milka da Tirza, a ƙofar alfarwa gaban Musa da firist da shugabanni. Suka ce ubanmu ya rasu ba ɗa namiji, don me sunansa zai ɓace, a ba mu gādo. Musa bai ce al'ada ta hana ba, ya kai maganar gaban Ubangiji, aka ce gaskiya suka faɗa, aka mai da ita doka. Iyayensu maza sun ga albarkar ƙasar da ido suka ce a koma Masar. Su ba su taɓa ganinta ba suna neman kasonsu a ciki. Yau kuma a garuruwanmu da yawa mutum zai rasu ya bar 'ya'ya mata, 'yan'uwansa su raba gonar, wasunsu ma dattawan ikilisiya ne.

Dattijon Majami'a:
Maman Tagwaye, karanta har ƙarshe. Sura 36 dangin suka dawo suka ce in sun auri bare gonar ta bar kabila, aka ce su ma gaskiya suka faɗa. Aka ce 'yan matan su auri wanda suke so amma cikin kabilar ubansu, suka auri 'ya'yan baffanninsu. Tsoron da iyayenmu ke yi ke nan, ba mugunta ba ce. Kuma dokar 27:8 ta inda babu ɗa namiji ce.

Maman Tagwaye:
To a fara da inda babu namijin mana Baba, ko shi ana yi? Kuma sharaɗi aka sa musu, ba a ƙwace ba. Joshuwa 17 ta nuna sun je sun karɓa. Ayuba ma ya ba 'ya'yansa mata gādo tare da 'yan'uwansu maza alhali mazan bakwai ne.

Malam Na Zariya:
Mu a Suratun Nisa'i kason 'ya mace a rubuce yake ko da akwai maza, rabin na namiji. Amma kar in yi muku alfahari, mu ma in aka zo kan gona sau da yawa sai a ce a bar ta a hannun maza, a ba mace 'yan kuɗi ko a yi ta ja mata rai.

Ɗan Seminari:
Kotun Ƙolin Najeriya ma ta yi hukunci a 2014, a wata shari'a da ta taso daga al'adar Ibo, cewa hana 'ya mace gādon ubanta ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki.

Dattijon Majami'a:
Kotu daban, zaman dangi daban. Amma na ji. In mun kai sura 27 a ware mata zama guda, zan gayyato sauran dattawa su zo su ji da kunnensu, Maman Tagwaye kuma ta zo da shirinta.

Malamin Lahadi:
An karɓa Baba. Wannan makon sura 1 zuwa 4. Kowa ya zana zangon a takarda: alfarwa a tsakiya, Lawiyawa kewaye da ita, tutar Yahuza a gabas, Ra'ubainu a kudu, Ifraimu a yamma, Dan a arewa, kowace da kabilu biyu a ƙarƙashinta. Auta, kai kuma aikinka daban: tara adadin iyalan Lawi uku da ke sura 3, na Gershon da Kohat da Merari, ka gwada da jimillar da ke aya 39, ka kawo mana abin da ka samu.